Farin Bangon Magnhild

Duk wanda ya ce maka fenti ba wani abu ba ne, bai taɓa tsayawa a kanti yana kallon miji da mata suna neman rabuwa a kan ruwan toka iri biyu ba. Ni na tsaya. Fiye da shekara talatin ina sayar da fenti a kantin tsibirinmu na Teistholm, haɗe da ƙusa da sukari da takalman ruwa, har gwiwoyina suka ce sun gaji. A cikin duk waɗanda suka taɓa karɓar gwangwani a hannuna, mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɓata mini lokaci ba, ita ce maƙwabciyata Magnhild. Shigowa take ta ce, "Oddny, fari ɗaya, ja uku," ta ɗauka ta yi gaba.

Bara waccan aka kai ta gidan kula da tsofaffi na garin Vik, can ƙetaren ruwa, da karyayyen ƙugu da idanun da suka fara dushewa. Ta haura tamanin a lokacin. Karatu ya gagare ta, fuska ma ba ta ganewa sai ka matso daf. Amma in ta zauna a bakin tagar ɗakinta ta dubi tsibiri, akwai wani ɗigon fari a gindin dutse, shi kam tana ganinsa. Bangon gidanta ne mai fuskantar teku. Da shi take karyawa, da shi take wuni. Ta taɓa ce mini, "Muddin ina hango shi, baƙunta na zo nan, ba tarewa na yi ba." Ana cikin haka 'yarta Torunn ta yanke shawarar sauya katakon jikin gidan gaba ɗaya, launin da ta zaɓa kuma ruwan gawayi ne.

Sai na ɗan koma baya, don ba da rana ɗaya bangon nan ya zama abin da ya zama ba.

Magnhild ba 'yar gaɓar teku ba ce. Daga can cikin ƙasa ta fito, wani kwari na manoma inda gidaje gungumen itace ne da rana ta gasa, babu mai shafa musu komai. Eilif ya je can sayar da kifin gishiri, ya dawo ba kifi, sai alkawarin aure. A jirgin ruwan mahaifinsa ya kawo ta, don a wancan zamanin ba wata hanyar shigowa tsibirin sai ta ruwa. Ita da bakinta ta sha ba ni labarin, kuma kullum a wuri ɗaya take fara dariya. Ta ce da suka kewayo ƙahon dutse sai ga gidaje a jere, farare tas, rana na dukansu. Eilif ya nuna ɗaya ya ce, "Ga naki can." A ranta ta ce lallai ta faɗo gidan arziki.

Washegari da safe ta zagaya bayan gida neman makewayi, sai ta ci birki. Bangon baya ja wur, na gefe ja, ɗaya gefen ma ja, ga wani ƙarni na tashi daga katakon. Ta koma ciki a fusace.

"Eilif, taso. Wannan gidan waye?"

"Naki ne mana, amarya."

"Jiya fari ka nuna mini."

"Yana nan inda kika bar shi. Zagaya ki gani."

"To sauran me ya same su?"

Shi kuma gogan ya tsaya yana mata bayani da zuciya ɗaya. Farin fenti daga kanti ake sayowa, tsada gare shi. Ja kuwa na gida ne, jar ƙasa ce ake damawa da man hantar kifi. Kuma duk mai zuwa ta teku yake zuwa, limamin coci da dillalin kifi da surukai. "Bayan gida wa ke gani in ba tumaki ba? Su kuwa ba su taɓa kawo ƙara ba."

"Wato ka wanke fuska ka bar ƙeya," in ji ta. "Haka duk 'yan garin nan kuke, maƙaryatan banza?"

"Kaf ɗinmu. Har limamin."

Ta kwana biyu ba ta kula shi. Uwar mijinta ba ta sa baki ba, ta bari har watan Mayu ya kama, sannan ta miƙa mata buroshi ta nuna mata tsani.

Tun daga ranar fentin gidan ya dawo hannunta, saboda Eilif tsoron tsani yake. Mutumin da zai tsaya cak a cikin jirgi igiyar ruwa na wurgi da shi yana kunna lofe, in ya taka mataki na uku sai ƙafarsa ta hau rawa. Don haka ita ke hawa, shi yana riƙewa a ƙasa. Ina ƙarama nake jiyo su daga gidanmu.

"Riƙe da kyau, matsoraci!"

"Ina riƙe, sarauniya. Ke dai daina ɗiga mini a gemu."

"Ai gyara shi nake, ka ga ka fara kama da mutanen kirki."

Allah sarki watan Mayu na wancan zamani. Maza sun dawo daga kamun kifin sanyi na arewa, rana ta daina rowa, kowa na son bangonsa ya bushe kafin bikin ƙasa. Mata su fito da bokiti da sabulu su wanke gishirin da teku ta watsa wa katako, a kankare inda ya ɓare, sannan a zuba wa sama ido ana jiran ranakun da ba ruwa. In suka samu, ba girki ba wanki. Tsibiri ya ɗauki warin man kifi, yara su yi dabbare-dabbare da ja, a zauna kan dutse a sha kofi da burodi da cuku mai ruwan ƙasa, ana gulmar wadda ta tsinka farinta da yawa don ya isa. Mazan kuwa sukan ce tun daga nesa, kafin su ga hayaƙi, bango suke fara nema. In ka hango naka fari fat, ka san matarka lafiya ta fita daga sanyi. Ina kewar wannan lokaci, ba zan ɓoye ba, har warin ma ina kewarsa.

Baƙuwar da ta zo tana kiran mutane maƙaryata, ita ta zama uwar al'adar. Jar ƙasarta ita ke tankaɗewa, manta ita ke dafawa, kuma ba ta taɓa yarda farin ya lanƙwasa kusurwa ko da faɗin yatsa ba. Ko da aka daina dama ja a gida ta koma saye a wurina, lissafin bai canza ba.

Sannan aka gina gada, titi ya shigo. Masu aikin suka bi inda ƙasa ta fi laushi, wato ta bayan gidaje. Dare ɗaya ƙeyar kowa ta zama fuskarsa. Bas ta taso daga Vik cike da mutane, ba abin da suke kallo sai jan bango da makewayi da tarin itace da kamfan maigida a kan igiya. Kunya ta kama tsibiri. A shekarar na sayar da farin fenti har kamfani ya bugo waya yana tambaya ko sha muke yi. Kowa ya shafe gefe huɗu, aka fasa sababbin ƙofofi ta wajen titi, aka dasa furanni inda tumaki ke kwana. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, haka kowa ke faɗa.

Ban da Magnhild. Ba ta fasa ƙofa ba, ba ta ƙara gwangwani ba. Mai kawo wasiƙu ya yi mita har ya gaji, don kullum sai ya zagaya gidan kafin ya sami ƙofa.

"Yaya Magnhild," na ce mata wata rana, "ke kaɗai kika rage fa. Mutanen bas har nuna gidanki suke."

"Su nuna. Titi ne baƙo, shi zai zagayo ya gaishe ni. Teku na tarar a nan."

Wadda ta sha wuyar wannan taurin kai ita ce Torunn, 'yarta tilo. A wajenmu ja launin rumbu ne da ɗakin shanu, bas ɗin makaranta kuma daidai jan bangon nan take tsayawa. Yara suka sa mata suna 'yar garke, in ta shigo sai su hau kukan saniya. Ta sha dawowa da jan ido. Na san ta taɓa roƙon uwar, sau ɗaya, a shafa wa gefen titi fari. Magnhild ta ce wanda ya san mu ya san ƙofarmu. Daga nan yarinyar ba ta sake roƙonta komai ba. Ta gama makaranta ta tafi birnin Trondheim, ta zama malama, ta auri wani salihin mutum mai suna Steinar. Ba su taɓa faɗa da uwar a fili ba, ba su kuma taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba.

Ni kuwa ina kanti ina kallon yayi na wucewa. An yi yayin ruwan ƙwai, an yi na shuɗi mai haske, an yi na ruwan madara da farar taga. Sannan toka ta sauka, kuma har yau ba ta tashi ba. Kamfani ya aiko mini da injin haɗa launi da wani kati mai ɗauke da toka kusan iri arba'in, kowacce da sunanta na yanga: Hazon Safiya, Dutsen Gaɓa, Inuwar Maraice. Ni dai toka nake gani. Jama'a, ƙasar da samanta toka, ruwanta toka, dutsenta toka, rabin shekara ba rana, a ce mutum ya ɗauki kuɗinsa ya sayo ƙarin toka! Da 'yan birni suka fara sayen gidajen hutu abin ya ƙara gaba, aka koma ruwan gawayi da baƙi ƙirin da manyan tagogin gilashi. Wai gida ya saje da muhalli. Ya kuwa saje. In ka taso daga Vik a jirgi sai ka ga gidajen na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran tsoho, har ya rage saura guda.

Eilif a kan gadonsa ya rasu, abin da ba kowane masunci ke samu ba. Bayansa ni na gaji riƙon tsani, na kuma gaji zagin da ke tafe da shi. Shekara da shekaru muna haka, har ranar da rana ta fito da kyau ina Vik wajen likitan haƙori. Tsohuwar nan ta ga katako ya bushe, ta ce ba za ta jira kowa ba, ta hau tsani ita kaɗai. Mai kawo wasiƙu ne ya tsince ta a ƙasa, da ya zagayo neman ƙofa. Daga baya a asibiti ta ce masa, "Ka gani? Da na fasa ƙofa ta titi da har yanzu ina kwance a can."

Ba za a ce Torunn ta yi laifi ba, gaskiya ɗaya ce. Katakon ya ruɓe. Kafinta Kolbein ya soka wuƙa a gindin bango ta shige kamar a cikin man shanu. Dole a sauya, kuma katakon yanzu da fentinsa yake zuwa daga masana'anta, ka zaɓi launi ɗaya a kawo maka, ka huta da tsani shekaru masu yawa. Torunn ta shigo kicin ɗina da katin launuka, ko da yake na daɗe da barin kanti, ta ɗora yatsa a kan wani mai duhu.

"Anti Oddny, ya kika ga wannan? Shi ake yayi, kuma ba ya nuna datti."

"Ba ya nuna gida ma. Kin tambayi uwarki?"

"Na tambaye ta. Ta ce gidana ne yanzu, in yi yadda na ga dama."

"Ke kuma kika yarda? Yau kika san ta? Yarinya, farin bangon nan shi take kallo daga tagarta. Shi kaɗai ya rage mata."

Torunn ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Haba Anti. Ranar nan fa rigar ruwa ta gaisar a rataye, ta ɗauka fasto ne. Ita ce za ta hango bango a ƙetaren ruwa? Tunaninsa dai take." Ta tattara katinta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In tana so a bar shi, ta faɗa da bakinta. Sau ɗaya a rayuwarta ta roƙe ni wani abu."

Na hau bas na tafi Vik da zafina.

"Yaya Magnhild, ki buɗe baki ki gaya mata. Kalma ɗaya ce."

"Ni in roƙi 'yar da na haifa?"

"To ki zauna nan girman kai ya kashe ki."

"Ya fi ciwon ƙugu daraja. Miƙo mini kofin nan, kin cika surutu."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na dawo gida ina zagin su biyun a cikin bas, har direba ya leƙo ni ta madubi.

Kolbein ya ce zai zo a watan Agusta, don haka ya zo a ƙarshen Oktoba, kamar kowane kafinta. Ya fara da gefen titi, jan katako na faɗuwa ƙasa, mai duhu na hawa. In faɗi gaskiya aikin ya yi kyau, sumul, ba ko tabo. Gefen teku ya bari a ƙarshe. Fararen katakan ya tara su a bakin ruwa ya danne da duwatsu, wai a ƙona su a wutar bikin tsakiyar bazara.

Washegarin da aka gama na je wurinta. Ranar garau take, irin sanyin nan mai haske da kake iya ƙirga tumaki a kan tsibiri. Na same ta a kujerarta ta kafa goshi a gilashi.

"Oddny ce? Hazo ake yi yau?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. "Ba hazo, Yaya."

 Ta goge gilashin da hannun rigarta, ta sake dubawa. Sannan ta koma ta jingina.

"To," ta ce. "Ashe tarewa na yi."

Ta kira ma'aikaciya ta ce a juya mata kujera, hasken taga na damun idonta. Aka juya ta tana fuskantar bango mai hoton kalanda. Daga ranar abinci ya fara komawa kicin yadda ya zo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba, har zagina ta daina, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Torunn ta zo bayan sati biyu da hotunan gidan a waya. Ina ɗakin. Ta kara wa uwar wayar a fuska tana nuna mata, Magnhild ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya sa albarka." Shi ke nan hira ta mutu. Torunn ta rasa abin yi da kanta, ta tashi ta tsaya a taga ta harɗe hannu. Na ga kanta na bin gaɓar tsibirin daga hagu zuwa dama, ya dawo. Ta ciro tabarau ta saka, ta sake bi.

"Mama, daga nan wanne ne namu?"

 Ita mai lafiyayyen ido, a gidan aka haife ta, ga rana, amma ba ta same shi ba. Dutse ne kawai da inuwar dutse. Ta juyo ta dubi kujerar da aka juya, ta dubi faifan abincin da ba a taɓa ba, sai ta fice da sauri. A baranda na same ta, fuska jiƙe, tana huci.

"Me ya sa ba ta faɗa ba? Me zai ragu a jikinta?"

"Abin da zai ragu a naki da kin tambaya sau biyu."

"Fari nake so, Anti. Yau ɗin nan. Gwangwani nawa zai ci?"

Nan na ji tausayinta ya kama ni, don amsar da ke bakina ba mai daɗi ba ce. Nuwamba ta kama. Katako jiƙe yake, sanyi ya sauka, rana leƙowa kawai take ta koma. Duk fentin da ka shafa yanzu ba zai kama ba, zubowa zai yi da ruwan farko. Ko yaro a tsibirin ya san ba a fenti sai Mayu. Na gaya mata haka. Ba wadda ta ce komai a kan ko Magnhild za ta kai Mayu, amma shi muke tunani mu duka biyun.

Muna cikin bas, mun hau gada, sai ta damƙi hannuna. "Tsofaffin katakan. An ƙona su?"

Kolbein ya kusa haɗiye lofensa da ya ji abin da take so. "Ruɓaɓɓen katako a kan sabon aikina? Torunn, kanki ɗaya? Ƙusa ɗaya kika buga a bangon nan, kamfanin da ya yi katakon ya zare hannunsa, ni ma na zare nawa."

"Zare. Ara mini guduma kawai."

"Kai, jinin Magnhild masifa ne," in ji shi. Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo da motarsa cike da sanduna. Ya ce in dai haukan za a yi, a yi shi da tsari: zai kafa firam da sandunan a gaban bangon, a buga tsofaffin a jikinsa, kada a taɓa masa sabo.

Ban san wa ya yaɗa maganar ba, ko da yake ana zargina. Ranar Asabar gayya ta haɗu ba wanda ya kira ta. Duk tsofaffin da suka rage a tsibirin suka fito, waɗanda su ma gidajensu toka ne yanzu, kowa da gudumarsa da ciwon bayansa. Mai kawo wasiƙu ma ya zo, ya ce shi ya fi kowa sanin hanyar zagayawa. Na dafa kofi a babbar tukunya na soya waina. Iska na yanka kunne, katakan sun sha ruwa sun yi nauyi, wasu na karyewa a hannu. Torunn ce a saman tsani da ƙusoshi a baki, Steinar na riƙe mata, idonsa a rufe. Kafin hasken ya tafi an rufe bangon. Daga kusa abin ba kyan gani, karkatacce, ga giɓi nan da can, kamar an yi wa sabuwar riga faci da tsumma. Wani ɗan birni mai gidan hutu ya tsaya yana ɗaukar hoto, na ce masa in ya gama ya zo ya ɗauki guduma.

Da safe muka ƙetara. Torunn ba ta yi sallama da wani dogon bayani ba, ta kama kujerar uwar ta juya ta wajen taga.

"Ke, mene ne haka? Na ce hasken na damuna."

"Ki daure, Mama."

Magnhild ta ƙanƙance ido. Na ga lokacin da ta same shi. Ta matsa har goshinta ya taɓa gilashi. Mun daɗe a haka, ba mai motsi, ni har na manta da gwiwoyina. Can ta yi gyaran murya, ba ta juyo ba.

"Wa ya riƙe miki tsani?"

"Steinar."

"Yana tsoro?"

"Ƙafarsa har rawa take, alhali yana ƙasa."

"To ki riƙe shi da kyau. Irinsu ne mazan zama." Ta ƙara dubawa. "Ya yi datti. In Mayu ya zo ki wanke shi da sabulu kafin ki shafa, kada ki yi mini aikin 'yan birni."

"To, Mama."

"Kuma kada farin ya lanƙwasa kusurwa."

"Na ji, Mama."

"Oddny, kina tsaye kamar turke. Duba ko sun bar mini wani abu a kicin, yunwa nake ji."

Na fita neman abincin, na tsaya a baranda na yi kukana son raina, sannan na wuce kicin.

Ta ci sanyin nan kusan gaba ɗaya a bakin taga. A tsakiyarsa hasken yini bai fi na shan kofi biyu ba, amma ba ta bari ya wuce ta. Guguwar Janairu ta ɓalle katako biyu, ta sa aka bugo mini waya wai bangonta ya yi wushirya, a je a gyara. Aka je aka gyara. A watan Maris ta rasu, da rana, a kujerarta, fuskarta na wajen ruwa.

Da Mayu ya kama na ɗauka maganar ta wuce, tunda ba sauran mai kallo daga ƙetare. Kolbein ya zo ya kwance firam ɗinsa, sabon bango ya fito sumul, ruwan gawayi, irin na kowa. Sai ga Torunn a ƙofar kicin ɗina da tsohuwar rigar aikin uwarta, ta yi mata gajarta a hannu.

"Anti Oddny, fari a kan gawayi shafi nawa yake ci?"

"Uku, in kin yi sa'a. Ki wanke shi tukuna."

"Na wanke tun jiya."

Gefen titi ta bar shi yadda yake, masu wucewa a bas ba su san an yi komai ba. Maƙwabcinmu ɗan birni ya leƙo ta kan shinge, ya ga gefe ɗaya kawai take shafawa, ya tambaya cikin ladabi ko fentin ne bai isa ba. Ta ce masa ya isa, haka ake yi a nan.

Steinar na Trondheim wajen aiki, don haka ni na riƙe tsanin. Hannunta bai kai na uwar ba tukuna, tana cika buroshi da yawa. Ta ɗiga mini a ka ya fi a ƙirga, ban ce mata komai ba, dama gashin fari ne.